Kawu Babba da Bishiyar Gwangwanin Madara

Kwana uku muka yi zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, kuma ban ga wanda ya ambaci Kawu Babba bai murmusa ba. Mutum zai zo ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, a shafa fatiha, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Can sai wani daga gefen tabarma ya gyara murya.

"Allah shi jiƙan mai awaki bisa icce," in ji wani tsohon tela da ya zo daga kasuwar Boɗinga.

Sai dariya ta ɓarke, irin wadda ake toshewa da hannun riga saboda ana zaman makoki. Wani dillalin albasa daga Shagari ya ce shi labarin da ya fi kashe shi shi ne na kukar da ake zura wa guga a ɗebo ruwa. Wani ya tuno na bishiyar da ake tatsa da sassafe. Kowa da nasa. Liman ma, da ya zo rufe addu'a ranar sadakar uku, sai da ya ƙara da cewa, "Allah shi gahwarta mishi abin da halshe yaƙ ƙara." Aka ce amin da ƙarfi, da zuciya ɗaya, don babu mai ƙinsa a cikinsu. Ni ma na ce amin, na sunkuyar da kai.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin makaranta a Boɗinga, na kusa ajiye alli. Allah bai bar wa Kawu ɗa ko ɗaya ba, don haka ni nake karɓar gaisuwa tare da ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Na gaji da bakin nan na mutane, na gaji da murmushin da nake mayar musu. Abin da nake tsoro shi ne nan da 'yan shekaru a ce an taɓa yin wani tsoho a yankin Danchadi mai ƙarya mai daɗi, shi ke nan abin da zai rage. Mutumin nan shaida ɗaya tak ya ajiye a duniya, ya ba ni amanarta, kuma da bakina na sa aka sare ta ranar da muka binne shi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Labarin dawowarsa tun ina ƙarami na haddace shi, don Inna, mahaifiyata, ba ta gajiya da ba da shi. Yana saurayi ya bi shanu zuwa Ikko, wato Legas, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Bayan shekaru aka ji wai yana dafa abinci a jirgin ruwa na dakon kaya. Ya fi shekara ashirin a can. Ranar da ya sauka daga mota a Boɗinga, maza huɗu aka tura ɗauko kaya. Suka tarar da akwatin ƙarfe ɗaya da gwangwanin madara da ya rungume a ƙirji, da wani ɗan tsiro mai ganye huɗu a ciki. Kaka, mahaifiyarsa, ta leƙa bayansa ta ga ba kowa ba komai.

"Ina dukiyar?" ta tambaye shi.

Ya ɗaga mata gwangwani.

Ta leƙa cikin gwangwanin, sannan ta ce, "To ko miya aka yi da shi?"

Ba a miya da shi. Tun daga Indiya ya ɗauko shi, yana raba ruwan shansa da shi a cikin jirgi. Ya dasa shi a fadama, kusa da rijiya, a kan iyakar gonarsa da ta ƙanensa. Ya sa masa suna Baƙuwa, kuma har ta girma ta fi soron maigari tsawo bai canza mata suna ba.

Kawu bai riƙe sunan birni ba. In ka tambaye shi yaya ƙasa kaza take, sai ya ɗaga kafaɗa. "Birni dut guda na," yakan ce. "A ci, a kwana, a yi gardama. Icce ka bambanta." Duk baƙon da ya sauka a garinmu, kafin ya tambaye shi sunan ubansa sai ya tambaye shi wace bishiya ce a ƙofar gidansu. In baƙon ya ce bai lura ba, Kawu ya gama da shi ke nan, ruwa kawai zai ba shi.

Da la'asar yakan zauna a kan buzu a gindin Baƙuwa, manoman rani su taru suna wanke ƙafa a bakin rijiya, su zuga shi. Ba ya buƙatar zugi mai yawa. A Maroko, in ji shi, ya ga bishiya ɗauke da awaki sun fi goma, har can ƙoli, suna cin 'ya'yanta, makiyayi yana zaune a ƙasa abinsa. Shekarar da ya bar jirgi ya bi alhazai ta Sudan, ya ga kukoki da aka rarake cikinsu, ana cika su da ruwan damina, kowane gida da tasa, a sha har rani. Ya ga itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyinsu, kifi yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Ya ga wadda ake tsaga wa fata a ɗaura mata ƙoƙo, farin ruwa ya ɗiga, da shi ake yin tayar mota. Duk wannan ana dariya ana tafa hannu. Amma in ya zo kan uwar Baƙuwa, bishiyar da ya samo tsironta a Indiya, muryarsa takan sauka.

"Na shiga ƙarƙashinta da hantsi," yakan ce, "ina tahiya ina wuce gindi bayan gindi, zatona daji na. Ga masu kayan miya, ga wanzami, ga masu shayi. Sai wani tsoho yan nuna min sama, yac ce in duba da kyau. Icce guda na. Reshe ka sako saiwa, saiwa ta sauko ta taka ƙasa ta zama ƙahwa, reshen ya ƙara gaba ya sako wata. Hakanan take tahiya."

"Kasuwar ta kai ta Shagari?" wani zai tambaya yana ƙifta wa na kusa da shi ido.

"Ta hi ta."

Sai a kwashe da dariya, a nuna Baƙuwa da baki a ce ai wannan ceɗiya ce ta je makaranta. Gaskiya tana kama da ceɗiya, sai dai ganyenta ya fi faɗi da kauri. Kuma tana sako saiwoyi daga rassa kamar yadda ya ce, sirara, jajaye a baki. Matsalar ita ce ba su taɓa kaiwa ƙasa ba. Iskar rani ta busar da wasu, awaki su miƙe su cinye wasu. Kawu yakan ce a bari dai ɗaya ta taka ƙasa ta yi kauri, ya ga wanda zai sake ce masa maƙaryaci. Wannan jiran shi ne aikinsa na shekara arba'in.

Da wayoyi masu hoto suka zo, na yi zaton na kawo ƙarshen maganar. Na nemo hoton awaki a kan bishiya, na nemo na babbar bishiyar nan mai ƙafafu, na kai fadama ina ta ɗoki. Aka karɓa ana miƙa wa juna. Dillalin albasan nan ya mayar mini ya ce ai jiya ma ya ga jaki yana tuƙa mota a cikin waya. Aka yi dariya, aka tashi. Kawu ko kallon hoton bai yi ba.

"Malam," ya ce mini, don haka yake kirana in yana so ya tsokane ni, "shaidar da ba a jingina da ita, ba shaida ba ta."

Ba zan ɓoye ba, akwai shekarun da ni ma nake jin kunyarsa. In abokan aikina suka zo gida, nakan yi addu'ar kada ya fara. Amma shekarar da matata ta fari ta rasu a kan gwiwa, ita da abin da ke cikinta, kowa ya zo ya ce mini in yi haƙuri in nemi wata, namiji ba ya zama haka. Kawu bai ce komai ba sai bayan mako biyu. Ya zo ya ce in raka shi ban ruwa. Muka yi ta ja da guga. Da muka zauna sai ya ce akwai wata bishiya a ƙasar Turawa, kusa da teku, da ake feɗe wa ɓawo gaba ɗaya daga gindi har wuya, a bar ta ja wur, tsirara. Ba ta mutuwa. A hankali take mayar da wani ɓawon. Amma masu ita ba sa sake taɓa ta sai ta shekara tara.

"Su da ba su salla sun san a ƙyale wanda anka heɗe," ya ce. "Kak ka bari a yi maka gaugawa."

A ranar na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Bai dube ni ba, ya tashi ya ci gaba da ban ruwansa har na gama.

Faɗansa da Kawu Ƙarami ma a kan saiwa ne. Wata damina mai albarka, saiwa ɗaya ta tsallake rani, ta sauko har ta kusa gwiwar mutum, amma ta ɓangaren gonar ƙanen, daidai kan fangalin albasa. Kawu Ƙarami ya sa lauje ya datse ta, ya jefa a wata tsohuwar rijiya da ta mutu. Maganar ta kai gaban maigari. Ina tsaye a bayan zaure na ji abin da ƙanen ya faɗa, bai ɗaga murya ba.

"Ranka shi daɗe, albasa ka ciyar da gidan ga, ba labari ba. Inuwa ta riga ta cinye min kunya ukku. In tat taka ƙasa, baɗi ta ƙara gaba, shi da bakinai yac ce tahiya takai. Yaya ya tai ya ga duniya. Ni an nan ina noma, ni nib binne tsohonmu, shi yana can yana kallon icce."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san gaskiya ce. Maigari ya yanke cewa duk saiwar da ta sauko ta gonar ƙanen, yana da ikon datsewa, ta ɓangaren wan kuma ba mai taɓawa. Damina biyu ba su yi wa juna magana ba, suna salla a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Daga baya suka koma gaisawa, amma lauje bai daina aiki ba. Kowace kaka Kawu Ƙarami yakan bi ɓangarensa ya aske, Kawu Babba ya juya baya ya yi kamar yana gyaran guga. Har yau ban iya cewa ga mai laifi a cikinsu ba.

A ɓangarensa reshe ɗaya ne ya yi ƙasa sosai, miƙaƙƙe, mai kaurin cinya. Da tsufa ya kama shi sai ya yi dabara. Ya samo guntun bututun roba na injin ban ruwa, ya zura wata saiwa a ciki, ya cika shi da ƙasa da taki, ya ɗaure a jikin reshen, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe yakan hau turmi ya tsiyaya ruwa daga buta ta saman bututun, sannan ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa. Shekara uku yana wannan. A bara bakin saiwar ya leƙo. Ya auna da hannu, saura taƙi biyu.

Cikin bazarar bana ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Duk ranar da na zo daga Boɗinga, kafin in gama sallama zai tambaya.

"Saura nawa?"

"Saura taƙi guda, Kawu."

"Ka ba ta ruwa?"

"Na ba ta."

Ranar Juma'ar ƙarshe na ce masa saura yatsa huɗu. Ya rufe ido yana murmushi. Ya ce in ruwan fari ya sauka za ta taka. Ya ce ba lalle ya gani ba, amma in ta taka in tara su duka, har da mai albasan Shagari, in ce su jingina. Ya kama hannuna ya ce, "Ka tsare min ita." Na ce in sha Allahu. Da sauƙi na faɗa, kamar yadda ake faɗa wa mara lafiya komai.

Ya cika ranar Talata da hantsi, ana zafin da ke sa a yi gaggawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawa ya san yadda kai yake rabuwa. Wannan yana tambayar likkafani, wancan yana tambayar wa zai yi wanka, mata suna kuka a ciki, waya tana ta ƙara. A cikin haka masu haƙar kabari biyu, maƙwabtanmu ne, magidanta, suka zo suka ce an gama haƙa, saura itacen da za a jera a rufe kafin a tura ƙasa. Suka ce na maƙabarta ya ƙare. Ina riƙe da waya a kunne na ce musu, "Ku je gonarsa ku saro." A raina dogon yaro nake nufi, akwai guda biyu a bakin hanya. Ban faɗa ba. Ban ma san ban faɗa ba.

Sai a bakin kabari na gane. Mun sa shi, mun juya fuskarsa gabas, aka fara miƙo mini itace ina jerawa. Guntu na farko ya manne mini a tafin hannu, farin ruwa yana fita daga inda aka sara. A jikin na uku ga saiwa tana reto, da damshin taki a jikinta. Ɗaya daga cikin masu haƙar ya sunkuyo ya raɗa mini, yana jin ya kyauta.

"Mun zaɓo mishi miƙaƙƙe. Munka ce iccenai ya kamata shi ruhe shi."

Jama'a suna tsaye cikin rana, Liman yana jira. Na jera su, aka liƙe da laka, aka tura ƙasa. Da na ɗago kai na ga Kawu Ƙarami a ɗaya gefen yana kallon hannuna. Ya gani, kuma ya san na gani.

Da yamma na je fadama. Bututun yana yashe a gefe, ƙayar a warwatse, turmin da yake hawa yana nan inda ya bar shi. Na zauna a kai. Ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda barci ba ya maganinta. Da wannan gajiyar na zauna kwana uku ina jin ana dariyar awaki a kan bishiya, ba ni da abin da zan nuna wa kowa.

Ruwan fari ya sauka kwana tara bayan rasuwarsa. Na daina zuwa fadama. Aka yi sadakar arba'in, aka watse, na koma makaranta ina koya wa yara sunayen ƙasashe da manyan biranensu.

Wata Juma'a cikin tsakiyar damina, bayan an sauko daga masallaci, Kawu Ƙarami ya tare ni. Shi ma ya tsufa, sanda yake dogarawa, ga buta cike da ruwa a ɗaya hannun. Ya ce in zo in raka shi. Na ɗauka gona za mu, sai na ga ya karkata hanyar maƙabarta. Muka yi wa mutanen cikinta sallama, muka ratsa ciyawa. Tun daga nesa na hango an kewaye gefen wani kabari da ƙaya, an jera ta da kyau, aikin manomi.

A gefen tudun, ta wajen ƙafafu, inda ruwa ya ɗan zaftare ƙasa, tsiro ne ya fito. Bai kai kamu ɗaya ba. Ganye biyar, masu faɗi da kauri. Ba sai an gaya mini ba.

Na san ba abin mamaki ba ne. Kowane manomi ya san in ka binne ɗanyen reshen ceɗiya da damina zai tsira, da shi ake shinge. Na faɗa wa kaina haka ina tsaye a wurin, amma duk da haka sai da na tsuguna.

Kawu Ƙarami ya miƙa mini sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya tsiyaya ruwa a gindin, a hankali, don kada ƙasa ta buɗe. Ya ce sati uku ke nan da ya gan ta. Ya ce ya je wurin Liman, Liman ya ce a bar ta, inuwa a maƙabarta sadaka ce.

"Shekara talatin ina datse mata ƙahwa," ya ce, idonsa a kan ganyen. "Yac ce tahiya takai, munka yi ta dariya. To ga ta. Tun daga hwadama ta biyo shi."

Ya share fuska da hular da ya cire, ya karɓi sandarsa, ya bar mini butar a hannu.

"Ba mu jingina da ita, ni da kai. Amma wata rana wani na jingina. Ni ƙahwahuna ba su kawo ni kullum, kuma rani na tahe. Juma'a da Talata naka na."

Allah ya jiƙan Kawu Babba, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da inuwar da ta fi duk waɗanda ya gani. Ni dai yau Talata ce, kuma tun safe ba a yi hadari ba. Bari in ajiye biro in nemo buta.